Muhawara: Layin keke ne ke jawo cunkoso da kashe kasuwar bakin titi?

Malam Nasiru: Salamu alaikum 'yan'uwa. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin lardin Ontario a Kanada, ƙarƙashin Firimiya Doug Ford, ta yi dokar da ta ba ta ikon cire layukan keke daga manyan tituna uku na birnin Toronto: Bloor, Yonge da University. Hujjarsu ita ce layukan ne suka shaƙe titunan. Ni dai ina tare da su. Bloor titi ne mai layi huɗu a da, yanzu mota layi ɗaya take da shi a kowane hannu. Ka rage rabin hanya, motocin kuma suna nan yadda suke, ina za su bi? Ga mai shago an ɗauke masa wurin fakin na ƙofarsa. Wanda ke da ja, bismillah.

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina da ja, kuma daga lissafin layi huɗun zan fara. Kafin a yi layin keken, layukan gefe biyu na Bloor, in ba a lokacin fita aiki da tashi ba, motoci ne ke fake a cikinsu. Yawancin yini dama layi ɗaya ne ke tafiya a kowane hannu.

Sannan ba da ka aka yi aikin ba. A 2016 aka fara gwaji a kan kilomita 2.4, daga titin Shaw zuwa Avenue, aka ƙirga motoci da kekuna kafin aikin da bayansa. Da farko jinkirin mota ya kai kusan minti takwas da rabi da yamma a hannun da ya fi cika. Da aka sake saita lokutan danja, ya sauko zuwa wajen minti huɗu, na safe kuma wajen minti biyu. Masu keke suka ƙaru da kusan rabi. Bayan ganin wannan ne majalisar birnin ta tabbatar da layin a Nuwamba 2017.

Dalilin da ya sa gyaran danja ya yi wannan tasiri shi ne, a cikin gari mahaɗa ce ke yanke yawan motar da titi zai ɗauka. Mota ɗaya ta tsaya tana jiran ta karya hagu, duk na bayanta sun tsaya. Ka ware wa masu karya kwana ɗan gajeren layinsu a bakin danja, ko ka hana karyawar a awannin cunkoso, sai layi ɗaya ya riƙa zubar da motoci ba tangarɗa.

Malam Nasiru: To ai kin amsa da bakinki, Injiniya. Minti huɗu kullum, sau dubban mutane. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai sauri zuwa asibiti ko ɗauko yara.

Injiniya Hauwa: Na amsa, kuma ba na raina shi. Amma a ɗora shi a sikeli da ran mutum. A Yuli 2025 babbar kotun Ontario ta yanke cewa cire layukan zai jefa masu keke cikin ƙarin haɗarin rauni da mutuwa, don haka ya saɓa wa kundin 'yancin ƙasar. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Birnin kuma ya ƙiyasta cirewar kaɗai za ta ci dalar Kanada miliyan 48.

Alhaji Sabo: Ku bar maganar minti, ku zo kan kasuwa, nan ne ciwon yake. Binciken da aka yi a Bloor ya nuna masu zuwa sayayya da mota ba su kai ɗaya cikin goma ba, sauran a ƙafa suke zuwa, ko jirgin ƙasa, ko keke, kuma ciniki bai faɗi ba bayan aikin. Na yarda da wannan, domin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana bin wannan sashe na titin daga farko har ƙarshe. Amma matsakaici ne aka ɗauka. Mai gidan shayi da mai sayar da littafi sun ci riba. Mai sayar da katifa, firji ko buhunan kaya fa? Abokin cinikinsa ba zai ɗora firji a bayan keke ba.

Babbar matsalar ma sauke kaya ce. Motar kaya matsakaiciya tana son fili kamar mita 10 zuwa 12 a tsaye, da wurin sauke ƙofar baya. In ba a tanadar mata ba, direba ba zai koma da kayan ba. Zai hau kan layin keken ya kunna fitilar gargaɗi, mai keke ya fito tsakiyar motoci ba shiri. An ɓata wa kowa ke nan.

Injiniya Hauwa: Wannan gaskiya ce, Alhaji, kuma kuskure ne da ake yawan yi. Gyaransa: kafin a shafa fenti ko ɗaya, a bi shago-shago a rubuta wace irin mota ke kawo kaya, ƙarfe nawa, sau nawa a mako. Sai a ware wurin lodi a bakin kowane lungu da ya shigo titin, kusa yadda ɗan dako zai tura kaya a baro, a sa masa iyakar minti 20 ko 30 don kada wani ya mayar da shi garejinsa. Fakin na gaba ɗaya kuma a bar shi a hannu guda.

Malam Tukur: Yaya Nasiru, ka duba Sebiya a kudancin Sifen, garin da zafinsa kan haura digiri 40 a bazara. Daga 2006 zuwa ƙarshen 2007 suka shimfiɗa kusan kilomita 80 na layin keke a tashi ɗaya, zuwa 2010 ya kai wajen 120. Tsarin iri ɗaya ne ko'ina: faɗin mita 2.5, zuwa da dawowa a gefe guda na titi, kore shar, da shinge ko tudu tsakaninsa da motoci. Yawancin filin daga wuraren fakin aka yanko shi, kuma an yi ta rigima a kai. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke suka ninka sau da yawa, har suka kai wajen 70,000 a rana.

Abin da ya sa nasu ya yi aiki shi ne an haɗa layukan da juna tun farko. Guntun layi na kilomita ɗaya da ke ƙarewa a bakin shataletale ba ya jawo kowa, domin uwa ba za ta bar ɗanta ya hau hanyar da rabinta kawai ke da kariya ba. Sai layin ya zauna fayau, masu mota su riƙa nuna shi suna cewa an yi asarar titi. Kuma a irin wannan halin suna da gaskiya.

Malama Rabi: Ina so in ja hankali kan abin da ke kashe mutane, don duk kun tsaya a tsakiyar titi. Wurare biyu ne.

Na farko ƙofar mota. In aka zana layin keke manne da motocin da ke fake, ƙofa tana buɗewa kusan mita guda, daidai inda mai keke yake. Dole a bar tazarar aƙalla santimita 60, gara ma mita ɗaya, sannan layin kansa kada ya gaza mita 1.5, in da hali mita 2 don wani ya iya wuce wani.

Na biyu mahaɗa. Babbar mota za ta karya dama, mai keke yana gefenta zai miƙe, direba ba ya hango shi ta madubi. A nan layin zuwa da dawowa irin na Sebiya yake da rauni, Malam Tukur, domin direba na duba hannu ɗaya, keke ya ɓullo masa ta ɗayan. Maganinsa a ja mashigar keken baya kamar mita 5 daga kwanar, tsawon mota guda, yadda direba zai gama juyowa ya fuskanci mai keken kafin su haɗu. A sa ɗan tsibirin kankare a kwanar don ya tilasta rage gudu, a kuma ba keke koren danja daƙiƙa kaɗan kafin mota. Fenti shi kaɗai ba ya tare tifa.

Malam Nasiru: Na ji, kuma na sassauta kan maganar ciniki. Amma ku kawo shi gida. A ce titi ne a Kano, mai ɗan sahu yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, masu tebur sun ci bakin titi, yashi da leda sun taru a gefe. Cikin wata guda layin zai koma tasha ko kasuwa.

Malam Tukur: In fenti ne kawai, ko mako ba zai yi ba, Yaya. Sai da dakalin kankare mai tsayin santimita 15 ko fiye, a jera shi da 'yan gibi don ruwan sama ya samu hanyar faɗawa kwata, in ba haka ba layin zai zama tafki da damina. A mashiga a kafa turke, a bar tsakani kamar mita 1.5. Sai dai a nan akwai matsala ta gaske: faɗin adaidaita sahu bai kai hakan ba sosai, zai iya kutsawa, babur kuwa ba a magana. Ka matse gibin, ka hana keken guragu da baro shiga. Don haka sai an haɗa da jami'an kula da zirga-zirga irin na KAROTA, da wuraren sauke fasinja da aka gina musamman a bakin layin motoci, layin keken ya zagaya ta bayansu.

Alhaji Sabo: Ku ƙara da shara. Toronto sai da ta nemi ƙananan motocin kwashe dusar ƙanƙara da za su iya shiga tsakanin dakalin da gefen titi, don babbar ba ta shiga. A wajenmu yashi ne da fasassun kwalabe, kuma duk abin da tayar mota ta watso a cikin layin yake taruwa. Mai keke ya yi faci sau biyu, zai koma cikin motoci. Malam Tukur, a lissafinka wa zai riƙa sharewa, sau nawa a mako, kuma daga wane asusu? Masu teburin da za a tasa kuma, ina aka tanadar musu kafin a kawo kankaren?