Tafiyata ta farko waje, Malesiya, ya ake jure zaman jirgin nan?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka saba fita waje ku taimaka min da shawara. Na samu gurbin digiri na biyu a Malesiya, biza ta fito, tikiti ma an yanka, saura sati uku in tashi. Matsalar ita ce ban taɓa shiga jirgi ba tun da aka haife ni, iyakacina in ɗaga kai in kalli ƙananan jiragen 'yan Aviation, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta nan Zariya, suna shawagi ta saman Palladan da Kwangila. Jiya na zauna na duba tikitin da kyau sai na ga Abuja zuwa Doha kusan awa 7, sai zaman jira na awa 9 a filin jirgin, sannan Doha zuwa Kuala Lumpur kusan awa 8, wallahi tun daga lokacin cikina ya ɗuri ruwa. Ni da motar Kano ma in ta wuce Kwanar Dangora na fara mutsu-mutsu a kujera.

Abin da nake so in sani, ya ake yi da banɗaki, ya ake yi da sallah, kuma da gaske ne kunne yana ciwo har ya yi jini? Sannan Inna ta dage sai ta haɗa min kuka da daddawa da yaji da kilishi, ga wata maƙwabciyarmu ta ce za ta ba ni saƙo in kai wa ɗanta da yake can.

Alhajin Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Ni Guangzhou nake zuwa saro kaya, ta Addis nake bi, daga Kano zuwa can kusan awa 5 ne sai kuma ka ɗora wasu sama da 10 zuwa Chana, to na san abin da ke gabanka.

Bari in ba ka labarin zuwana na farko ka ɗauki abin ɗauka. Na taso daga Zariya ranar tafiyar bayan asuba, ban yi barcin kirki ba saboda 'yan sallama har sha biyun dare suna shigowa, na sha shadda mai sitati da hula da takalmi sau-ciki sabo fil, a ganina ai waje za ni dole a fito fes. Aka ba ni kujerar tsakiya, dama wani ƙato hagu wata mata, dukansu jirgi na tashi suka rufe ido. Ni kuwa kunya ta hana ni in tashe su, sai na yanke wa kaina hukuncin ba zan sha ruwa ba don kar fitsari ya kama ni, duk lokacin da ma'aikaciyar jirgi ta turo keken nan nata sai in girgiza kai. Kafin mu yi rabin hanya leɓena ya tsage, kai na sara, sitatin nan yana yankar wuyana, gwiwa ta tokare da kujerar gaba shi kuma na gaban ya kwanto da tasa har allon kallon ya kusa taɓa hancina. Na cire takalmi don in ji sanyi, da muka zo sauka ƙafa ta kumbura takalmi ya ce bai san zancen ba, haka na take bayansa na ja shi kamar silifas har gaban jami'an shige da fice.

To ka ga jirgin bai yi min komai ba, kunya da gayu ne suka wahalar da ni. Ka nemi kujerar bakin hanya, ana iya zaɓa a intanet kafin ranar ko ka roƙa a wajen awon kaya in ka je da wuri, taga daɗinta minti goma ne bayan nan gajimare ne kawai ko duhu. Ka sa kaya masu laushi marasa sitati, da safa, da suwaita a hannu don cikin jirgi akwai sanyi sosai. Kuma kar ka taso daga Zariya ranar tafiya, ka kwana a Abuja, ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ko ta mota, hanyar nan ba a yi mata alkawarin lokaci.

Banɗaki kuwa ba buta a ciki, ka riƙe robar ruwa wadda ka shanye. Ka ja sakatar ƙofar har ƙarshe, ita ce take kunna fitila. In ka danna abin kora ruwa zai yi wata irin ƙara ta zuƙa mai ƙarfi, kar ka firgita, haka yake, da iska yake aiki. Sai dai don Allah kar a jiƙa ƙasa, wurin ɗan tsugul ne kuma mutum ɗari biyu ko uku ne ke layinsa.

Bakano a Samaru:

Hhhh Bazazzagi zai hau jirgi, a sanar da fada. Ka dai tabbata ba ka ce wa direba akwai sauka a Kwangila ba. Allah ya kai ka lafiya abokina.

Anti Nas:

Ƙanina barka da arziki. Ni aikin jinya nake yi, kuma abin da Alhaji ya faɗa na kumburin ƙafa kar ka ɗauke shi labarin dariya kawai. In mutum ya daɗe a zaune ƙafa a lanƙwashe jini yana tafiya a hankali a jijiyoyin sangali, mafi yawanci kumburi ne kawai ya sace daga baya, amma wani lokacin jinin kan daskare ya zama gudaji, in ya ɓalle ya tafi huhu abin ya zama na rai da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zama na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin sau biyu, duk da haka a mai lafiya abin kaɗan ne, kamar mutum 1 cikin 6,000. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ciki, masu jego, masu ƙiba sosai, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai shan maganin tsarin iyali na ƙwaya. Kai matashi ne, maganinka kawai ka dinga tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo, in kana zaune kuma ka dinga ɗaga dunduniya kana saukewa kana juya idon sawu. In bayan ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana yi maka wuya, asibiti kai tsaye, ba a jiran gobe.

Iskar cikin jirgi a bushe take kamar tsakiyar hunturu, danshinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa hanci da leɓe da ido ke bushewa. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka rage shayi da kofi da lemon kwalba, ka sa ɗan basilin a aljihu. Kuma jirgi yana tafiya ne a wajen ƙafa 35,000 amma matsin iskar da ke ciki daidai yake da kana kan tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000, ya fi Jos tsawo, to iskar da ke cikin hanji tana buɗewa. Ka gane abin da nake nufi, ranar tafiya a haƙura da wake da shinkafa da ɗan wake da alala.

Kunne kuma wajen sauka ya fi damun mutane. Ka tauna cingam, ka dinga haɗiyar yawu ko hamma, in ya toshe ka matse hanci ka rufe baki ka hura a hankali. Jini ba abu ne da aka saba gani ba, wanda yake da mura mai toshe hanci shi ya fi shan wuya, in ta kama ka kafin tafiya ka ga likita.

Ka yi allurar shawara kuwa? Malesiya suna tambayar yalo kad, katin shaidar allurar, ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, da sati ukun nan naka ba ka da lokacin wasa. Sau ɗaya ake yi, tun 2016 aka mayar da katin na har abada.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode Alhaji, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Allurar na yi tun watan jiya. Shaddar da na kai ɗinki kam ta koma cikin akwati. Wani abokina ya ce in sha maganin barci da zarar na zauna in farka a Doha, ya kuke gani? Bakano kai kuma zan dawo kanka.

Anti Nas:

A'a. Maganin da ba ka taɓa sha ba kar ka fara gwada shi a sama, kuma in ya kwantar da kai awa 7 ba motsi ai abin da muke gudu kenan.

Malam na Ƙofar Doka:

Game da sallah, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. Kana da ƙasaru, mai raka'a huɗu ta koma biyu, kuma kana iya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Dubi lokacin tashi da na sauka a tikitinka tun a gida ka tsara, sau da yawa za ka ga duk sallolin suna samuwa a ƙasa, Abuja akwai masallaci, filin jirgin Doha akwai ɗakunan sallah da wurin alwala, a Malesiya kuma ka nemi alamar da aka rubuta surau. Wadda take ba da wahala ita ce asuba don ba a haɗa ta da wata, kuma wanda ya nufi gabas dare gajarce masa yake yi, za ka ga kun ci abinci an kashe fitila ba a jima ba gari ya fara haske ta taga, in ka tsaya bin agogon Zariya da ke hannunka rana za ta fito ba ka sani ba. Ka shiga da alwalarka, in lokaci zai fita ka yi ta yadda ka samu iko, in akwai wurin tsayuwa da ba za ka tare hanya ba ka nemi izinin ma'aikata, in babu ka yi a zaune da ishara. Malamai sun yi saɓani kan ko za a rama bayan an sauka, ka tambayi malaminku kafin ka tafi don zuciyarka ta natsu. Kuma kar ka manta da addu'ar hawa abin hawa.

Tsohon Ɗalibin Aviation:

Maganar tsoro, mu da muka yi karatu a kwalejin nan ta Palladan da aka kafa tun 1964, abin da zan ce maka shi ne girgizar da jirgi ke yi a sama ba alamar faɗuwa ba ce, iska ce mara daidaito, an ƙera fukafukan su lanƙwasa su dawo. Wanda girgiza ke ji wa ciwo shi ne wanda bai ɗaura bel ba, ko a jirgin nan na Landan zuwa Singafo da ya gamu da ita a Mayun 2024 har ya karkata ya sauka Bangkok, waɗanda ba su ɗaure ba su suka fi buguwa da rufi. In kana zaune ka bar shi a ɗaure ko da sako-sako.

Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin babban akwati ba. Ruwa da turare da man shafawa kar kwalba ta wuce mil 100 in a hannu ne, za su karɓe a wajen bincike, na ga mutum yana roƙo kan turarensa mai tsada har ya kusa kuka. A Doha abin farko ka nemi allon da ke nuna get ɗinka, wato ƙofar da za ka shiga jirgi, kafin ka nemi wurin kwanciya, ka sa ƙararrawa a waya da agogon can, sun fi mu da awa 2, Malesiya kuma da awa 7. Mutane sun sha rasa jirgi suna barci a kujera ana kiran sunansu.

Hajiya Gyallesu:

Ɗana duk sun faɗa maka na jiki, ni na saƙon nan zan yi magana. Kar ka karɓi ƙunshin kowa a rufe, ko wace ce, ko tare kuke cin tuwo. In dole ne a buɗe a gabanka ka ga komai da idonka ka zuba a jakarka da hannunka, magani kuwa ko na ciwon kai ne ka ce a'a. Ka tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da ba tata ba aka liƙa wa sunanta, sai da ta yi wata huɗu kafin gaskiya ta fito, Malesiya kuma dokarsu kan ƙwaya har kisa tana kaiwa. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga 'yan takardun da za su manna maka a bayan tikiti, su zo daidai, ka ɗauki hoton jakar kafin ta shige.

Kuka da yaji da kuɓewa busasshiya a ɗaure su da kyau a babban akwati, daddawa a ninka mata leda uku a sa a roba mai murfi in ba haka ba duk kayanka sai sun ɗauka. Kilishi kam ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga, ka ce wa Innarku ta ba ka kaɗan ka cinye shi a hanyar Abuja.

Ɗan Tudun Wada:

To Hajiya na ji, in sha Allah haka za a yi. Sai dai matar nan ƙawar Inna ce tun suna amare, ban san ta inda zan fara ce mata a kwance ƙunshi ba.

Hajiya Gyallesu:

Ba kai za ka faɗa ba. Ka gaya wa Innarka, ita ta san yadda za ta ce mata awon kilo ne ya sa dole a juye komai a jaka ɗaya.