Shawarwarin tsofaffin hannu ga masu shiga fim mai dogon zango

A zaman da wasu 'yan wasan Kannywood suka yi kan fim mai dogon zango, wanda ya bunƙasa bayan buɗe Arewa24 a 2014 har ya mamaye YouTube, maganar da ta fi cin lokaci ita ce riƙe halin wanda kake fitowa a matsayinsa. Sai ka shekara kana mutum guda. Shi ya sa suka ce ka riƙa rubuta komai: hular da ka sa, hannun da ka riƙe carbi, yadda ka ɗaga murya. Akan ɗauki fitowa yau, a ɗauki mai bi mata bayan wata guda, mai kallo kuwa ba ya yafiya.

A gaban kyamara, a rage watsa hannu irin na dandamali, ido ya wadatar.

Batun kuɗi ya tayar da jijiyoyin wuya, kuma da gaskiyarsu. Kada ka yarda da "za mu daidaita". A rubuta nawa ne kuɗin kowane kashi na fim ɗin, yaushe za a biya, da makomarka in an cire ka daga labari. Wasu suka ƙara da cewa a riƙe wata sana'a, domin tsakanin zango da zango akan yi watanni waya shiru.