Yaya ake ba da maki a GST 111?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a jami'a nan Jos, tana ajin farko. Cikin kwasa-kwasanta akwai GST 111, na Turanci da rubutu, amma ta raina shi wai ai ta ci Turanci a WAEC. Don Allah masu sani, me malamai ke nema a rubutun, kuma yaya ake raba makin?

Malam Sani Naraguta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ja mata kunne tun da wuri. Kwas ne mai yunit biyu (yunit shi ne nauyin kwas wajen lissafin sakamako) kuma dole ne ga kowa, ko likitanci mutum ke karanta ko tarihi, ba a yaye ɗalibi sai ya ci shi. Maki 100 ne: 30 ko 40 na tes da jinga, sauran na jarrabawa. Daga 70 zuwa sama A ce, mai maki biyar a lissafin GPA, wato matsakaicin sakamakon ɗalibi. 60 zuwa 69 B. 50 zuwa 59 C, mai maki uku. 45 zuwa 49 D. 40 zuwa 44 E. Ƙasa da haka faɗuwa. Wasu jami'o'in sun cire E, sai 45 ake ci, don haka ta duba littafin dokokin ɗalibai. Ga lissafi: idan ta yi rajistar yunit 18, bambancin A da C a wannan kwas kaɗai yana rage mata kusan 0.22 a GPA. In kuwa ta faɗi, sifili za a zuba mata, ta sake zama da sababbin ɗalibai baɗi.

Aunty Rahila:
Bari in ƙara kan rubutun kansa. Malamai da yawa suna bin salon da aka saba a WAEC: maki 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Kin ga ke nan ra'ayi mai kyau bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Inda yara ke zubar da maki shi ne gida na ƙarshe, domin kowane kuskure rabin maki ne. Kurakurai 20 sun cinye goman kaf, kuma shafi ɗaya ya isa a tara su. Waɗanda suka fi yawa: a fara labari da lokacin da ya wuce a koma na yanzu a tsakiyar jimla, a manta "s" a aikatau bayan "he" ko "she", a bar "a" da "the", a jera jimloli huɗu da waƙafi babu aya. Sai rubutun WhatsApp, "u" da "bcos", wannan kam yana ƙona wa malami rai.

Game da tsari, kowane sakin layi magana ɗaya, jimlar farko ta faɗe ta, sauran su kawo hujja ko misali. Gabatarwa ta nuna matsayin marubuci kai tsaye. Manyan kalmomin da aka haddato daga ƙamus ba sa ƙara komai, sau da yawa ma a wurin da bai dace ba suke faɗawa. Ta ware minti biyar na ƙarshe ta bi rubutun layi-layi.

Bashir Farin Gada:
Gaskiya ne Aunty, sai dai a wurare da yawa jarrabawar GST ta koma kan kwamfuta saboda yawan ɗalibai, zaɓi cikin huɗu kawai. Rubutun sai a jinga. To a nan ne ake kwafo daga intanet ko a juye ta abokiya, malami kuwa da ya ga takardu biyu iri ɗaya duka yake soke su. Duk abin da ta ɗauko daga wani littafi ta rubuta sunan mai shi da shekara, yawanci bisa tsarin APA. Kuma ta riƙa sa hannu a takardar halarta, don doka ta ce sai da kashi 75 ake shiga jarrabawa. Kafin a fara, ta duba allon sanarwa ta tabbatar makin tes ɗinta ya fito da lambarta daidai, gyara bayan fitar sakamako yana jan watanni.