LTspice ya ƙi lissafa min filta, ina neman shawara

Ɗalibin lantarki, Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum manyanmu. Aikin kammala karatuna amfilifaya ce ta lasifikar masallaci, kuma a gabanta akwai filta mai barin ƙananan firikwensi su wuce, samfurin Sallen-Key. Na yi amfani da op-amp (ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sigina) samfurin TL072, resista biyu na 10k, kafasita biyu na 10nF, wato yankan zai faɗo wajen 1.59 kHz. A bakin shiga na sa kafasita ta 1µF don ta tare DC. Wutar batir ɗaya ce, 9V. A ɓangaren ninka sigina akwai 22k a sama, 10k zuwa girawun. Da na danna gwaji a LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, sai ya daɗe yana ta lissafi, daga baya ya ce "Time step too small". A takarda komai daidai yake. Don Allah ina matsalar take?

Ɗan aji huɗu:
Wa alaikumus salam. Ka rubuta .options reltol=0.01 method=gear, zai wuce. Mu haka muke yi.

Malamin koleji, Katsina:
A'a, kada ka fara da wannan, ɗana. Asalin reltol, wato iyakar kuskuren da manhajar ke lamunta a lissafi, 0.001 ne; in ka sassauta shi, ka ce wa manhajar ta rage binciken ƙwaƙwaf ke nan. Tana iya zana maka hoto, amma na da'irar da ba ta da lafiya.

Ɗauki biro ka bi ƙafar op-amp mai alamar +. Ta bi resista biyun nan ta tsaya a kafasitar 1µF. Sauran hanyoyinta biyu su ma kafasita ne, ɗaya zuwa girawun, ɗaya zuwa mafita. SPICE kuwa, wanda shi ne tushen LTspice, tun daga asalinsa na Jami'ar Berkeley a 1973, kafin ya taɓa sigina sai ya nemi matsayin DC na kowace mahaɗa, kuma a wannan lissafin kafasita tamkar yankakkiyar waya ce. To ƙafar nan taka a rataye take, ba abin da ke gaya mata bolt nawa za ta zauna a kai. Manhajar tana ta cankar amsa tana gyarawa, amsar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sa resista ta 100k daga bayan kafasitar shiga zuwa girawun. Da 1µF, abin da za ta yanke ƙasa da 2 Hz ne, kunne ba ya ma jin sa.

Na biyu, ninkinka. 1 a tara da 22 bisa 10 ya ba da 3.2. In resistoci da kafasitocin Sallen-Key daidai suke da juna, Q, wato ma'aunin kaifin filtar a wajen yanka, yana fitowa ne daga 1 bisa (3 a cire ninki). Da ninki ya kai 3, ba filta gare ka ba, abin busa ne mai yin ƙara da kansa. Butterworth, wato samfurin filta mai wuce sauti bai ɗaya ba tudu, ninkin 1.586 yake so, saboda haka cire 22k ka sa 5.6k, za ka samu 1.56.

Mai gyaran amfilifaya, Daura:
Malam ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni dai ban iya kwamfutar ba, amma TL072 ba ta son siginarta ta kusanci layin wuta na ƙasa. Da batir ɗaya, in ka ja ƙafar zuwa girawun, ka ajiye ta daidai inda ba ta aiki. Haɗa batir biyu, +9 da -9, girawun a tsakiya. In dole sai ɗaya, raba wutar da 100k biyu ka samu 4.5V ka kai ƙafar can. Ita ma 10k ɗin ƙasa kada ta sauka girawun kai tsaye, bi da ita ta kafasita, in ba haka ba 4.5V ɗin ma ninka shi za a yi, mafita ta haye wajen 7V, sauti ya riƙa shaƙewa.

Injiniya, Ƙofar Marusa:
Ƙarin abu ɗaya, ƙanena. In wata rana za ka sa megaohm ɗaya, rubuta 1Meg. A SPICE, 1M miliohm ne. Ka kuma duba ƙafafun wutar op-amp ɗin a zanen, mutane na yawan juya su.

Ɗalibin lantarki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, in na koma batir biyu, kafasitar shigar ta zauna ko in cire ta?

Malamin koleji:
A kwamfuta kana iya cire ta. A kan allon haɗawa bar ta, don ba ka san DC ɗin da matakin makirufo zai turo maka ba. Ka fara da .op, wato lissafin matsayin DC, shi kaɗai. In mafita ta nuna kusan sifili, sannan ka wuce zuwa .ac (gwajin firikwensi) da .tran (gwajin sigina bisa tafiyar lokaci).