Na ga wani sawu a hanyar da nake tattaki a Yauri

Baƙon Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 4 ke nan da aka yi min canjin wurin aiki daga Birnin Kebbi zuwa Yelwa. Likita ya ce in riƙa tattaki saboda hawan jini, to ni kuma ba na son bakin titi, ƙurar babura ta ishe ni. Da an sallame Asuba sai in bi wata 'yar hanya ta cikin fadama har bakin Neja in juyo, wajen kilomita 5. Shekaranjiya na ga sawu a laka, faɗinsa kamar faranti, yatsu huɗu, ga kashi an watsa a jikin ciyawa kamar da gangan. Maiɗakina ta ce in na sake zuwa ba da yawunta ba. Wace dabba ce wannan? Kuma me ya kamata in riƙe, sanda ko adda?

Jikan Sarkawa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, Allah ne ya tsare ka, dorina ce. Namijin ne ke watsa kashi da wutsiya haka nan. Kuma ka zaɓi mafi munin lokaci. Da dare take fitowa kiwo, ta yi wa mutane ɓarna a gonakin shinkafa, da asuba ta koma ruwa ta hanyar da ta saba. Wannan 'yar hanyar da ka ga ta yi sumul, wataƙila ma ba mutane suka yi ta ba, ita ce. In ka shiga tsakaninta da ruwa ba za ta kauce maka ba, balle mai ɗa. Kada girman jikinta ya ruɗe ka, a tudu ta fi ka gudu. In ta buɗe baki kamar mai hamma, gargaɗi ne. Ka ja da baya ka sa babbar bishiya ko suri tsakaninku. Adda kam bar ta gida, abin da ya haura kilo 1,000 me adda za ta yi masa? Kakana har ya rasu bai taɓa kai kwalekwalensa inda ya ga kunnuwanta ba, shi da aka haifa a ruwa.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, ni abin da ya fi zo mana asibiti ba dorina ba ne, igiyar ƙasa ce, musamman kububuwa da kasa lokacin girbi. Kasa ba ta gudu, kwanciya take a hanya har ka taka ta. Ka bar silifas, ka sa takalmin danko da dogon wando, ka riƙe tocila, sandar kuma ka riƙa buga ciyawa da ita a gabanka.

In tsautsayi ya faɗa: kada a ɗaure, kada a yi tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana ƙafar motsi, a ɗauko mutum zuwa asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa tsagar nan ta fi ba ni haushi. Sai a yi kwana 2 wurin mai magani, a kawo mana mutum dasashi na zubar jini.

Ɗan Acaɓa:
Kada kuma fa? Kar ka ce za ka tsuguna bakin ruwa ka wanke ƙafa. Ka zo in riƙa kai ka filin ƙwallo, kuɗin mai kawai.

Baƙon Yelwa:
Na gode ƙwarai. Jikan Sarkawa, na nuna wa wani mai gona hoton sawun yau, ya ce su biyu ne, da ƙarami. Na mayar da fitar ƙarfe 7, ta hanyar tudu, tare da maƙwabcina. Hajiya, takalmin dankon nan ba zai yi min kanta ba a tafiyar kilomita 5?

Ma'aikaciyar jinya:
Sa safa mai kauri, ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya.