Bindigar farautar kakanmu: wace iri ce, kuma nawa za a yi mata a gado?

Jikan Maharbi, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Kakanmu ya rasu bayan ƙaramar Sallah, kuma cikin kayan da za a raba akwai bindigarsa ta farauta, irin mai sakata, wadda ake ɗaga mariƙinta a ja baya kafin wani harsashi ya hau. A zoben ƙarfen da ke bayan kunama akwai hoton kambi, sai GR, sai BSA Co, sai 1917, sai wani rubutu da ya ƙare da III da ɗan tauraro. An rage katakon gabanta, kuma tsohuwar takardar lasisin da muka gani da sunan marigayi take. Malamin da zai raba gadon ya ce sai an yi mata kuɗi, baffanmu kuma ya ce zai ɗauke ta a kan naira dubu 300. Shin mu yarda, ko ta fi haka?

Ɗan Daura: Allah Ya jiƙansa. Wannan ai mak-fo ce, irin wadda 'yan sanda suke rataye da ita a da. Mun taɓa samun irinta a gidanmu, kuma wani mutum ya taya ta miliyan ɗaya da rabi, saboda haka baffanku yana neman araha ne kawai.

Tsohon Soja, Ƙofar Sauri: Ɗana, ba mak-fo ba ce, kuma da ka karanta abin da yaron nan ya rubuta da ba ka faɗi haka ba. Dukansu 'yan gidan Lee-Enfield ne, harsashinsu ɗaya, .303, kuma kowacce tana cin goma, amma mak-fo sai a 1941 sojan Ingila suka karɓe ta, ita kuwa wannan an buga mata 1917. Wannan ita ce ta uku, wadda aka fara a 1907, tauraron kuma alama ce ta samfurin da aka rage wa wasu sassa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don a riƙa ƙera ta da sauri. BSA kamfani ne a birnin Bamingam, GR kuma sunan Sarki Joji na Biyar ne. Abin saitin mak-fo yana baya kusa da ido, na wannan kuwa yana kan bututu. Kai kuma Jikan Maharbi, ka duba ko lambar da ke bayan mariƙin sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, sannan ka nemi wanda ya iya ya tabbatar babu komai a cikinta, kada wani ya ce zai gwada harbi.

Hajiya Uwar Marayu: Ni dai da na ga maganar nan sai raina ya ɓaci, domin abin da ya same mu ke nan lokacin da maigidana ya rasu. Ya bar bindiga mai sakata, ta Jamus, wadda yake shafa wa mai duk ranar Juma'a kamar abin hawa. Ina cikin takaba wani dillali, wanda dangin miji suka kawo, ya ce zai kai ta a duba masa a Kano don a san kuɗinta. Ya ɗauke ta babu shaida, babu rubutu, saboda ana jin nauyin juna. Da aka matsa masa sai ya dawo da wata mai tsatsa, katakonta ya tsage, ya rantse cewa ita ce, alhali ta maigidana tana da wani tabo a gindi da na sani kamar tafin hannuna. Aka ce mace ba ta san bindiga ba, aka yi wa wannan ruɓaɓɓiyar kuɗi naira dubu 40, a haka aka raba wa marayu. Har yau idan muka haɗu da mutumin nan a wurin suna sai ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa don kunya.

Malamin Makaranta, Dutsinma: Allah Ya saka miki, Hajiya. Da an ɗauki hoton lambarta tun farko da bai sami ƙofa ba. Amma ni a sanina bindigogi irin ta Jikan Maharbi ba su da tsada. An ƙera su da miliyoyi a Ingila da Indiya da Ostareliya, kuma masu tara kayan tarihi suna son wadda ba a taɓa ba, wadda aka yanke wa katako darajarta ta faɗi. Maƙwabcina ya goge tasa da samfefa don ta yi ƙyalli, ya shafe rabin tambarin, ƙarshe ko dubu 100 ba a taya ba.

Na Bakin Kasuwa: Bindigar da ta girmi 'yancin Najeriya da shekara 43, ai fansho ya kamata a nema mata, ba mai saye ba. Ku ba 'yan bindigar hawan Sallah aro, su ma su huta da ɗura albarushi.

Ɗan Daura: Malam, kai a littafi ka karanta, ni kuwa da kunnena na ji tayin. Wanda bai taɓa saɓa bindiga ba bai kamata ya yanke farashi ba.

Lauya daga Funtuwa: Ina roƙon kowa ya dakata da maganar farashi, domin wanda ya taya miliyan ɗaya da rabi ba tarihi yake nema ba, kuma mun san halin da jiharmu take ciki. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 cikin rukunin da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, bindigar farauta ta sauran ma'aunai tana hannun Sufeto Janar, ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki kuma Kwamishinan 'Yan Sanda. Rage katako bai canja ma'aunin harsashi ba, lasisi kuma ba a gadonsa, kuma hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Shawarata ita ce ku ɗauki hoton lambobinta da takardar marigayi, ku sanar da hukuma a rubuce, ku karɓi shaidar miƙawa. Kada baffanku ya saya, kada ku sayar.

Tsohon Soja, Ƙofar Sauri: Lauya ya faɗi gaskiya, sai dai abin yana da ciwo a ce kaya mai shekara fiye da ɗari ya ƙare a ɗakin ajiya. Da za a toshe ta, ai gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina ya dace da ita.

Ɗan Sarkin Baka, Safana: Ranka ya daɗe Lauya, doka a kanmu mafarauta take ƙarewa. Mahaifina ya yi rayuwarsa yana shiga Dajin Rugu da takardarsa a aljihu, yau kuwa ko gonar da ke bakin dajin ba ma iya nomawa, kuma waɗanda suka hana mu shiga babu wanda ya tambaye su lasisi. Gada da zomo ma sun yi mana nisa, yaranmu sun koma acaba a cikin gari.

Jikan Maharbi, Ƙofar Marusa: Na gode. Baba Tsohon Soja, na duba, lambar sakatar ta yi daidai. To, in ba za a sayar ba, yaya Malam zai lissafa ta a gadon? Baffa ya ce gobe yake son amsa.

Ɗan Sarkin Baka, Safana: A bara ma sai da muka biya waɗanda suka hana mu shiga dajin kafin aka bar mu muka kwashe gero.