Kogi ɗaya, me ya sa arzikin bai zama ɗaya ba?

Ɗan Fadama: Salamu alaikum. Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Kadawa shi ne ke gangarawa Haɗeja har Guri da Kirikasamma. To me ya sa can sama noman rani ya ɗaga garuruwa, ƙasa kuwa abin sai a hankali?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. A fara da madatsa. An kammala Tiga a 1974, Challawa a 1992. Manomin Kura, Bunkure da Garun Malam kanal ke kawo masa ruwa har bakin gona, gangara kawai. Na fadama sai ya haƙa rijiya, ya sayi inji, ya zuba fetur, kuma tun cire tallafi a 2023 kuɗin ban ruwan ya yi tsalle. Ga babbar illar: a da kogin kan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara, magudanai ba sa bushewa, sai doguwar ciyawar ruwa da ake kira kacala ta tsiro, laka ta taru, hanya ta toshe. Wani gari ambaliya ta cinye gona, na kusa da shi ko ɗigo babu. Tsuntsun jan-baki kuma a kacalar yake kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa.

Mai Kwando: Malam ya yi gaskiya, amma ni titi nake gani. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, a tsinke tumatir da safe, da yamma yana cikin mota zuwa kudu. Wanda ke lungu, kafin mota ta shigo kwandon ya fara ruwa, farashin da dillali ya faɗa shi ke nan.

Hajiyar Casa: Ku ƙara da sarrafawa, 'yan uwa. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ba ita ce riba ba. Ribar tana wajen turarawa, shanya, casa da ɗinkin buhu, kuma a Kura duk ana yinsu, mata ma na samu. Garin da ba lantarki ɗanya yake sayarwa da kaka, lokacin da kasuwa ta faɗi, don mai bashin taki yana bakin ƙofa.

Malamin Gona: Haka ne, Hajiya. Bashin nan ma kan jinkirta shukar alkama. In ta wuce tsakiyar Disamba, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse.